Jingar bidiyo a kwas ɗin gudanarwa: akwai karatu a ciki, ko wasan kwaikwayo ne kawai?

Malamar Gudanarwa ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da sauran 'yan'uwa. Shawara na zo nema.

Ina koyar da kwas biyu a sashen gudanar da kasuwanci: tushen gudanarwa ga 'yan aji biyu, da halayyar ma'aikata a wurin aiki ga 'yan aji uku. Kowane aji ya kai mutum 120. Jingar da na tarar ana bayarwa, ni ma na ɗora a kai, rubutu ne mai shafi biyar zuwa takwas. Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT, na'urar nan mai rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito takardun nan suke zuwa mini sumul, ba kuskuren nahawu, ba tuntuɓen alƙalami, kuma ba mutum a ciki. Wanda ya karanta goma bai ƙaru da komai a kan wanda ya karanta ɗaya ba. Ba ni da hujjar kama kowa, manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura kuwa ban amince da su ba, don suna iya shafa wa yaron da ya yi aikinsa da kansa kashin kaji.

Ko an ajiye batun na'ura gefe, akwai damuwar da ta girme shi. Ɗalibi zai jero ƙa'idoji 14 na masanin gudanarwa Henri Fayol ba gargada, ya ƙara da ayyukan manaja guda biyar da Fayol ɗin ya lissafa tun 1916. Sai in ce masa, "To, ga ma'aikaci zaune a gabanka. Ya iya aiki, amma kwanan nan kullum a makare yake zuwa, sauran sun fara gunaguni. Me za ka ce masa?" Nan ido ke raina fata. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne mai cewa, "Zan ƙarfafa masa gwiwa." Da wace magana? Shiru.

Shi ya sa nake tunanin cire jinga ɗaya ta rubutu a zango mai zuwa in sa ta bidiyo a gurbinta. Sai dai ina tsoron abu ɗaya: kada in wayi gari ina ba da maki ga wanda ya fi iya tace bidiyo da saka kiɗa, alhali gudanarwa nake koyarwa. Waɗanda suka gwada, wane irin aiki kuke ba su? Yaya kuke raba makin? A rukuni ne ko ɗaiɗai? Kuma yaya kuke yi da masu kunyar kyamara?

Tsohon Alli ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Na jima ina ba da irin wannan jingar, kuma tsoron da kike ji yana kan hanya. Abin da zai raba miki gardama shi ne ki fara yanke shawarar abin da kike so kyamarar ta kalla. In ta kalli ɗalibi yana maimaita lacca, kin mayar da rubutun nan ne bidiyo, har ma ya fi na takarda wuyar dubawa. In ta kalle shi yana yin aikin manaja, to kin samu abin da takarda ba za ta taɓa ba ki ba.

Ki tuna binciken Henry Mintzberg. Ya bi shugabannin ma'aikatu biyar, kowanne na tsawon mako guda, yana rubuta duk abin da suka yi, ya fitar da sakamakon a 1973. Rabin ayyukansu ba su kai minti tara ba, kuma kashi 78 cikin ɗari na lokacinsu a magana ya tafi: mitin, waya, tsayuwa da wani a bakin ƙofa. Mu kuwa muna yaye manajojin gobe ba mu taɓa jin yadda suke magana da na ƙasa da su ba. Kamar a auna tela ne da yawan sunayen ɗinkin da ya haddace, ba a taɓa miƙa masa yadi da almakashi ba. Makarantar kasuwanci ta Harvard tun farkon shekarun 1920 ta rungumi koyarwa ta hanyar ba ɗalibai labarin matsalar wani kamfani su yi muhawara a kai, kuma har yau abin da ɗalibi ya faɗa a aji yana ɗaukar kusan rabin makinsa a kwasa-kwasai da yawa. Ke da kike ganin ajinki sau biyu a mako ba za ki ji bakin mutum 120 ba. Waya ce za ta ji miki.

Ga yadda nake yi da misalin nan naki na mai makara, don ni ma shi ne na fi amfani da shi.

A lokacin lacca nake yin abin, ba na ba su su tafi da shi gida. Ina raba su bibbiyu. Manaja yana karɓar takarda mai rabin shafi: sunan ma'aikacin, shekarunsa a aiki, ranakun da ya makara, da ƙorafin da abokan aikinsa suka kawo. Ma'aikaci yana karɓar tasa a ambulan, wadda manaja bai san abin da ke ciki ba. Wani an rubuta masa cewa mahaifinsa yake kaiwa asibiti da sassafe kuma ba ya son a sani. Wani an canza masa lokacin aiki ba tare da an tambaye shi ba, yana jin haushi. Wani kuma ba shi da wani uzuri, ya dai ga ba a taɓa yi wa kowa magana ba. Umarnin da ke ƙasan takardar ɗaya ne: kada ka faɗi dalilinka sai an tambaye ka ta yadda za ka ji daɗin faɗa. Sai su fita su nemi inuwa, su jingina waya da jaka ko littafi, su ɗauka a zama ɗaya, minti uku, ba yankewa, ba gyara. Su dawo su karɓi sababbin takardu, su yi musanyar matsayi.

Abin da za ki gani zai ba ki dariya, ya kuma ba ki tausayi. Mafi yawan manajojin da "Zauna. Ka san dalilin da ya sa na kira ka?" suke farawa, kuma ba sa jiran amsa. Daga nan sai wa'azi: muhimmancin kiyaye lokaci, manufar kamfani, barazanar takardar gargaɗi. Minti biyu da rabi suna zuba, ma'aikacin yana gyaɗa kai, ambulan ɗinsa na nan a aljihu ba a taɓa ba. Akwai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba, a can baya take zama. Ita ta ajiye takardar a gefe, ta ce, "Shekara uku ba ka taɓa makara ba. Me ya canza tun watan jiya?" Sai ta yi shiru. Abokin nata ya yi kame-kame, ya kalli ƙasa, ita dai ba ta cike masa shirun ba. Can sai ya ce, "Babana ne ba lafiya." Ragowar mintin suka ƙarar wajen duba ko za a iya matsa masa lokacin shigowa na wata guda ya biya da yamma, ta kuma gaya masa a fili cewa dole ya riƙa sanar da ita, don sauran ma'aikata suna da hakki. Da takarda na ba ta, da ban san tana da wannan ba. Da na nemi izininta na nuna wa aji, muhawarar da aka yi ta fi ta kowace lacca zafi, don wasu sun ce ta yi sassauci da yawa, kuma suna da hujja.

Amma fa bidiyon rabin aikin ne. Kowa zai koma ya kalli nasa, ya rubuta shafi ɗaya tak, yana kafa hujja da lokaci: "A minti 1:40 na katse shi yana shirin bayani." "A 2:15 na yi alƙawarin abin da ba ni da ikon yi." Sannan ya ɗaura abin da ya gani a kan abin da muka karanta, ya faɗi abin da zai sauya. Masu horar da malamai sun riga mu wannan dabara. Tun 1963 a Jami'ar Stanford ake sa malami mai koyo ya ba da gajeren darasi, a duba yadda ya yi, ya sake, kuma ɗaukar bidiyo ta zama ginshiƙin abin. Mutum yana iya musa abin da kika gaya masa game da kansa, amma da wuya ya musa fuskarsa a waya. Gani ya kori ji.

Makin kuwa, tacewa da kiɗa da kyawun hoto sifili ne, kuma ina rubuta hakan a saman takardar jinga da manyan baƙaƙe. In ana jin murya, an wuce wurin. Kaso mafi tsoka yana kan shafin nan ɗaya. Na bidiyon kansa ina neman abubuwan da za a iya nunawa da yatsa ne: ya faɗi matsalar da ranakunta ko zargi ya yi a dunƙule, ya yi tambaya ya saurara ko a'a, sun tashi da wata matsaya ko an watse haka nan. Ki kiyayi ba da maki a kan "ƙwarin gwiwa" ko "iya gabatarwa". Akwai gwajin da aka wallafa a 1973 a Amurka, inda aka ɗauko ɗan wasan kwaikwayo aka laƙaba masa sunan Dakta Fox, ya yi wa ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da malamai lacca wadda da gangan aka cika ta da surutu marar ma'ana da maganganu masu karo da juna. Don ya iya tsayuwa da barkwanci, sai suka yaba masa. In ƙwararru sun faɗa wannan rami, mu da ke duba bidiyo na tamanin da tsakar dare ba mu fi ƙarfinsa ba.

Mai Lissafi ya rubuta:

Ranka ya daɗe Tsohon Alli, labarin yarinyar ya yi daɗi, amma bari in kawo biro da kalkuleta. Ɗalibi 120, kowa minti uku, minti 360 ke nan, awa shida cur, in sau ɗaya za a kalli kowanne ba a tsaya ba, ba a mayar baya ba. Ga shafi 120 na bayani a kai. Malama tana da aji biyu. Wa zai biya ta wannan lokacin?

Na biyu, ni kalmar nan ta "jan hankalin ɗalibai" da ake yawan kafa hujja da ita wajen irin wannan jingar tana ba ni tsoro. Aji ya yi armashi, an yi dariya, kowa ya ce kwas ɗin ya burge shi, to sai me? A 2019 an wallafa wani bincike da aka yi a ajin kimiyyar fiziks na Harvard wanda ya nuna abin da ɗalibi yake ji ya koya da abin da ya koya a zahiri suna iya hannun riga. Ba na son mu riƙa auna nasara da tafi.

Na uku, manaja yana rubutu. Rahoton wata, takardar neman kuɗin aiki, wasiƙar sallama wadda lauya zai iya ɗagawa a kotu. Yaran nan dama rubutu ya fara kuɓuce musu. In muka ce tunda na'ura ta shigo bari mu gudu wajen kyamara, mun sallama ke nan. Kuma kada a manta na'urar da ke rubuta shafi takwas ita ce za ta rubuta wa ɗalibi abin da zai haddace ya karanto a gaban waya. Yanzu ma har murya da fuska tana ƙirƙira.

Ɗalibar Aji Huɗu ta rubuta:

Malamai ku gafarce ni na tsoma baki cikin maganar manya. Ni an ba mu jingar bidiyo a kwas ɗin dabarun talla, kuma ina so Malama ta ji yadda abin yake daga ɓangarenmu.

Mu bakwai aka haɗa a rukuni, aka ce mu yi bidiyon minti goma. Mutum ɗaya ne a cikinmu yake da kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar tacewa, don haka shi ya kwana biyu bai runtsa ba. Ni da wata muka yi binciken da rubutun. Biyu sun zo ranar ɗauka suka karanta layi bibbiyu. Ragowar biyun 'yan cima-zaune ne, sunansu kawai muka gani a ƙarshen bidiyo, kuma makinmu ɗaya da su. Rukunin da ya fi kowa maki, wallahi bincikensu bai kai namu ba, amma sun samo wani mai ɗaukar hoto ya yi musu, ga rubutu yana shawagi, ga sauti. Tun daga ranar kowa ya gane abin da ake saye da maki.

Abin da ya fi ci mini rai kuma daban ne. An ce dole a ɗora a YouTube a buɗe, a turo mahaɗin. Akwai wani ɗan ajinmu mai i'ina. Wani ya yanko wurin da maganar ta sarƙe masa ya mayar da shi sitika a zauren WhatsApp na aji. Yaron bai sake ɗaga hannu a lacca ba har muka gama zangon. Ba wanda aka hukunta, don ba a san wanda ya fara ba.

Don haka roƙona, Malama: kada a tilasta ɗorawa inda duniya za ta gani. A bar wanda ba ya son fuskarsa ta fito ya juya kyamara gefe ko ya turo murya kaɗai, tunda kowa da dalilinsa. A faɗa mana girman fayil ɗin da ake so da yadda za a rage shi, don bidiyon minti uku a wayar zamani yana iya haura megabait 200, kuma ba kowa ke da datar da zai tura wannan ba, balle in intanet ta yanke ana saura kaɗan a rufe karɓa. Irin wanda Malam Tsohon Alli ya kwatanta kam da na so a ce an ba mu, ko don in ji yadda nake magana in raina ya ɓaci.

Manajan Sito ya rubuta:

Ni ba malamin jami'a ba ne, Malama, sito da lodin kaya nake kula da su a wata masana'anta, amma yaranku wurinmu suke zuwa in sun gama, don haka ina da ta cewa.

Duk maganar da aka yi a sama a kan juya kyamara wajen ɗalibi ne. Ni shawarata a juya ta wajen aiki. Wannan ba sabon abu ba ne a fagenku. Frank Gilbreth da matarsa Lillian tun wajen 1912 suke ɗaukar ma'aikata a fim, da agogo a cikin hoton, don su ƙirga motsin hannu su ga wanne ne na banza. Shi Frank magini ne tun asali, kuma kafin fim ɗin ma ya rage motsin ɗora bulo daga 18 zuwa kusan biyar. A Toyota kuma ana ba da labarin Taiichi Ohno yana zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta, ya tsayar da sabon injiniya a ciki na sa'o'i, ba abin da zai yi sai kallo, har sai ya ga ɓarnar da kowa ke wucewa ta gabanta.

Abin da yaran da ake turo mana suka rasa ke nan: ido. Na taɓa tsayar da wani mai digiri a bakin wurin lodi na ce ya gaya mini abin da ya gani. Ya ce, "Ana aiki lafiya." Alhali a gabansa mai ɗaure kwali yana taku shida zuwa inda aka ajiye salatif, ya dawo taku shida, a kan kowane kwali ɗaya. Direba yana zaune a mota yana jiran takardar fita da ke kan teburin wanda ya tafi neman sa hannu a bene. Ba wanda ke zaman banza, amma kayan ba sa tafiya.

Ki ce kowa ya nemo aiki ɗaya da ake maimaitawa, ko layin rajista, ko wurin buga takardu, ko karɓar littafi a laburare. Ya ɗauki minti biyu, ya zana matakan a takarda, ya auna daƙiƙa nawa ake aiki, nawa ake jira, ya kawo gyara ɗaya wanda ba ya buƙatar sayen komai. Wannan na ƙarshen shi ne gwajin, don kowa ya iya cewa a sayo kwamfuta a ƙaro ma'aikata. Mai kunyar kyamara ma ya huta, fuskarsa ba ta ciki.

Gargaɗi ɗaya: kada wanda ya ɗaga waya a wurin aikin mutane sai da izinin mai wurin da na wanda za a ɗauka, kuma hannu da kaya za a ɗauka, ban da fuska, ban da takardun da ke da sunan wani. Ma'aikaci in ya ga ana auna shi da agogo, abin da ke zuwa ransa shi ne za a ƙara masa aiki ko a rage mutane, kuma tarihi bai ƙaryata shi ba. Yadda ɗalibi zai shawo kan mutum ya yarda a ɗauke shi, shi ma darasin gudanarwa ne, ki sa ya rubuta yadda suka yi.

Tsohon Alli ya rubuta:

Malam Mai Lissafi, lissafinka daidai ne, awa shida ne. Amma ka ɗora shi a sikeli da abin da take yi yanzu: 120 sau shafi shida, shafi 720 ke nan na rubutun da ita kanta ta ce ba mutum a ciki. Kuma lokutan nan da ɗalibi ke rubutawa a shafinsa suna rage aiki sosai, don kai tsaye nake zuwa 1:40 in ga ko abin da ya ce ya faru ya faru. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙara saurin bidiyon don a gama da wuri. Shirun da yarinyar nan ta yi, in ka sa gudu, ba za ka gan shi ba.

Binciken Harvard da ka kawo kuwa, ai ni ya taimaka. Waɗanda aka sa su aiki da kansu a aji su suka fi cin gwajin, amma suka ce ba su ji sun koya sosai ba. Waɗanda aka yi wa lacca mai santsi su suka fi yabawa, suka kuma fi ƙarancin maki. Jingar nan tawa ba daɗi ne da ita ba. Ba wanda ke jin daɗin kallon kansa yana katse mutum sau huɗu a minti ɗaya. In Malama ta yi ta yadda ya kamata, ta shirya jin ƙorafi a makon farko.

A batun rubutu ina tare da kai ɗari bisa ɗari, shi ya sa ban ce a soke shi ba. Har nakan ƙara da cewa manajan ya rubuta gajeriyar takardar da za a saka a fayil ɗin ma'aikacin bayan zaman, layi takwas zuwa goma: abin da aka tattauna, abin da aka amince, ranar da za a sake dubawa. Wannan rubutu ne na gaske, kuma na'ura ba ta san abin da aka faɗa a ƙarƙashin bishiya ba sai in shi ya gaya mata, in ya gaya mata kuwa ya riga ya yi rabin tunanin. Haddar kuma ba ta aiki a nan, tunda bai san abin da ke cikin ambulan ɗin abokinsa ba.

'Yata Ɗalibar Aji Huɗu, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da mu malamai ba ma gani daga kan tebur. Abin da ya faru a rukuninku yana cikin manhajar da Malama ke koyarwa. Wani injiniyan noma a Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa tun 1913 cewa in aka ƙara yawan masu jan igiya, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa raguwa yake yi. Bakwai sun yi yawa. Biyu ko uku, kowa da rawar da ba mai taka masa, kowa da makinsa. Minti goma ma ya yi yawa. Binciken da aka yi a 2014 a kan kallon bidiyon darussa kusan miliyan 6.9 a edX, dandalin karatu ta intanet, ya nuna yawancin masu kallo ba sa wuce minti shida komai tsawon bidiyon. Bidiyon malamai aka auna a can, amma ban ga dalilin da zai sa na ɗalibai ya fi riƙe ido ba. Maganar yaron mai i'ina kuwa, laifin tsarin jingar ne tun kafin ya zama na mai sitikar. Ni bidiyo wurina kaɗai yake zuwa, ba na nuna na kowa a aji sai ya yarda a rubuce, kuma mai i'ina ko wanda harshen koyarwa bai zauna masa ba ina ƙara masa lokaci, don abin da ya faɗa nake aunawa.

Malamar Gudanarwa ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya. 'Yan aji uku za su yi ta Baba Tsohon Alli, bibbiyu, a lokacin lacca, da ambulan, da shafi ɗaya, da takardar fayil. 'Yan aji biyu za su yi ta Manajan Sito, don su ba su kai ga darasin zama da ma'aikaci ba tukuna, kuma ina so su ga tsarawa da daidaitawa da idonsu kafin su sake haddace Fayol. Babban rubutu guda ɗaya yana nan a kowane kwas, Malam Mai Lissafi ya kwantar da hankalinsa. Ba YouTube, ba zauren aji, kuma zan karɓa ta kebul a ofis ga wanda data ta gagara.

Saura abu ɗaya. Dokar sashenmu ta ce a ajiye duk aikin da aka ba wa maki har mai duba jarrabawa na waje ya zo ya gani. Ni kuma ba na son tara fuskokin yaran mutane a kwamfutata. Yaya kuke yi?

Tsohon Alli ya rubuta:

Kada ki ajiye a kwamfutarki ko wayarki. Ki nemi sashe ya ba ki ma'ajiya mai kalmar sirri, ki sa wa kowane fayil lambar ɗalibi maimakon sunansa. Mai duba jarrabawa ba zai kalli 120 ba, samfuri zai nema, don haka ki ware masa kaɗan daga sama, tsakiya da ƙasa, haɗe da shafukansu da takardar rabon maki. Ki rubuta ranar da za a goge komai a jikin takardar jingar tun farko, bayan an tabbatar da sakamako kuma wa'adin ƙorafi ya wuce, ki sa shugaban sashe ya sa hannu a kai kafin zango ya fara. Ambulan kuma ki tanadi labari aƙalla kala shida, don in biyu ne kawai, kafin rukunin farko su dawo daga waje duk ajin ya san abin da ke ciki.